Amsa ga mai tambaya kan kifin ƙanƙara

'Yar'uwa, kin ce a wajen awo an ce ki ƙara cin kifi, Hajiyar mijinki kuma ta ce kifin ƙanƙara ba shi da amfani, sai tarwaɗa ko karfasa. Ki gaishe min da Hajiya, amma a nan ban goyi bayanta ba.

Kifin ƙanƙara irin su titus da shawa daga teku ake kamo su, kuma kifin teku ya fi na kogi sinadarin ayodin nesa ba kusa ba. Rashin ayodin ne ke kawo maƙoƙo. Kakata ta rayu da shi, kullum da mayafi naɗe a wuya ko ana tsananin zafi, mu muna yara mun ɗauka ado ne. Tun 1993 aka wajabta sa ayodin a gishirin ci a Najeriya, shi ya sa yanzu ba a cika ganin maƙoƙo ba. Mai ciki tana buƙatar ayodin maikurogiram 250 a rana, sauran manya 150, domin ƙwaƙwalwar jariri da shi take ginuwa. Ga kuma man da ke jikin titus, omega-3, shi ma ƙwaƙwalwa da ido yake taimaka wa. Daskarewa ba ta kashe shi.

Ni a cikina na uku jinina ya yi ƙasa sosai. Ban bar ƙwayoyin da aka ba ni ba, amma sau biyu a mako ina aika yaro Sabon Gari ya sayo titus, in yi farfesu da tumatir da attarugu. Shayin da nake korawa da shi bayan abinci na daina, don yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe.

Tarwaɗa ma abinci ce mai gina jiki, kada ki raina ta. Ƙananan busassun kifi kuwa ki daka su har da ƙayarsu ki zuba a miyar kuka, a ƙayar nan kalsiyam yake.

Wurin busasshen dai ki buɗe hanci. Wasu masu sayarwa suna fesa masa fiya-fiya saboda ƙwari. Na taɓa sayo wani, ina buɗe ledar warin magani ya bugi fuskata, a bola ya ƙare. Na ƙanƙara kuma ki danna shi da yatsa, in ya yi laushi cikinsa ya fashe, ya narke ne aka sake daskarar da shi, ki matsa teburin gaba.