Softinar da ta ƙi shan gishiri

Sani, saƙonka ya same ni a hanyar Zariya, shi ya sa ban amsa da wuri ba. Na saurare shi sau biyu. Ka ce softinar, wato na'urar sa ruwa ya yi laushi, da ka ɗaura a gidan Alhaji na Unguwar Rimi yau kwana tara ke nan, sai ga Hajiya ta kira tana ƙorafi: sabulu ba ya kumfa, butar shayi tana yin farin ɓawo, gishirin da ka zuba yana nan yadda ka bar shi, ruwan cikin tankin gishirin kuwa sai ƙaruwa yake yi. Ka tsoma biron awon nan naka kafin na'urar da bayanta, lamba kusan ɗaya ya ba ka. Sai ka ce, "Oga, in kwance kan ne, ko in mayar wa mai shago kayansa?"

Ko ɗaya kada ka yi. Ajiye sukudireba. Da zarar ka kwance kan nan da ke saman na'urar yana sarrafa ta, mai shago zai ce kai ka taɓa, mu kuma mu biya daga aljihunmu.

Biron nan naka ne ya fara ruɗa ka. Irin wanda 'yan fiyawota ke amfani da shi ne, jimillar abin da ya narke a ruwa kawai yake nunawa. Ita kuwa softina musanya take yi. Ƙwayoyin rezin da ka zuba a doguwar tukunyar, waɗanda ka ce kamar ƙwan kifi, suna riƙe da sodiyam. In ruwa ya ratsa su sai su cafke kalsiyam da magniziyam, waɗanda su ne ke hana kumfa suna barin farin ɓawo, su saki sodiyam a madadinsu. Tunda an cire wani ne an sa wani, ko na'urar tana aiki tiryan-tiryan, lambar bironka ba za ta sauka ba. Ɗauki ƙaramar kwalbar maganin awo da ke aljihun jakata ta kaya, ka riƙa ɗiga shi a ruwan kana ƙirgawa har ya tashi daga ja ya koma shuɗi. Yawan ɗigon shi ke nuna nauyin ruwan, wato yawan kalsiyam da magniziyam da ke ciki. Ƙasa da miligiram 60 a lita, ruwa mai laushi ne. In ya haura 120 ya yi nauyi, sama da 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Daga famfon sanyi za ka ɗiba, don hita tana riƙe tsohon ruwa na 'yan kwanaki.

Akwai tambaya ɗaya da ba ka yi wa Hajiya ba, kuma ita ce za ta rage maka rabin wahala: tun ranar farko ne babu canji, ko kuwa ruwan ya yi daɗi na 'yan kwanaki sannan ya koma gidan jiya? Sabon rezin da sodiyam ɗinsa yake zuwa, ko ba ka zuba gishiri ba zai yi aiki da farko. In ta ce tun farko babu canji, to ruwan ne ba ya bi ta ciki. Duba bawul ɗin baifas da ke bayan kan, wanda ke sa ruwa ya kewaye na'urar, sau tari muna barin sa a buɗe bayan gwada haɗi mu manta. Duba kibiyoyin da ke jikin kan, ka tabbata ba ka haɗa mashiga a mafita ba. Sannan ka bi fayif da ido har kicin, don a tsofaffin gidajen unguwar nan za ka tarar kicin yana da nasa layin daban tun daga tanki.

Amma ni zatona za ta ce ya yi kyau da farko. Yi lissafi da kanka. Rezin lita 25 ka zuba. Kowace lita tana iya kama kimanin giram 50 na nauyin ruwa kafin ta ƙoshi, ka ga giram 1,250 ke nan. Mu ƙaddara ruwan bohol ɗinsu yana da miligiram 250 a lita: lita 5,000 za su wuce rezin ya cika. Gida irin na Alhaji, da yara da baƙi da wanki, lita 1,000 a rana ba wani abu ba ne. Kwana biyar ya gama aikinsa. Daga nan dole na'urar ta ja ruwan gishiri ta wanke rezin, shi kuwa ne ba ta yi ba. Gishirin da bai motsa ba da ruwan da ke ƙaruwa a tankin duk abu ɗaya suke gaya maka: tana zubawa, ba ta ja.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Babu wani inji a cikin kan nan da ke tsotsar ruwan gishiri. Ɗan ƙaramin abu ne na roba, injekta, mai rami kamar na allura. Ruwa ne ke kutsawa ta ramin da gudu, gudun nan shi ke haifar da tsotso ya jawo ruwan gishiri ta siririn tiyo. In babu ƙarfin ruwa, babu gudu, babu tsotso. Masu ƙera waɗannan na'urori gidajen da ruwa ke shigowa da ƙarfi daga titi suke da su a rai, shi ya sa in ka buɗe takardar da ta zo cikin kwali, yawanci za ka ga mafi ƙarancin ƙarfin ruwan da suke so tsakanin bar 1.4 ne da bar 2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Mu nan Kaduna fa? Samo, injin da ke cikin bohol, ya tura ruwa tankin sama, ruwa ya gangaro da nauyin kansa. Kowane mita 10 na tsayi bar 1 ne, kusan. Ƙarfen tankin Alhaji bai wuce mita 6 ba, na gan shi, wato wajen bar 0.6. Ya isa wanka da alwala, ya isa ya ɗiga ruwa cikin tankin gishiri, amma bai isa ya tsotso shi ba. Na kuma san a ƙarƙashin tankin ka ajiye ta, don nan ne akwai inuwa da siminti mai kyau.

Ba dariya nake maka ba. Shekarun baya a wani gida a Barnawa sau uku ina kwance irin wannan kan, na canza robobi, na zargi wanda ya sayar mana, har muka yi cacar baki a shagonsa. Wani dattijo da ke gyaran samo a gidan ya ce, "Malam, ka sa geji kuwa?" Da na sa gejin, wato abin auna ƙarfin ruwa, allurarsa ko rabin bar 1 ba ta kai ba. Kunya ta hana ni komawa shagon nan har wata biyu.

Ga yadda za ka tabbatar. Ɗaura geji a mashiga. Danna maɓallin wankin rezin da hannu, ka tsaya a wurin, kada ka tafi cin abinci. Da farko za ta yi wankin baya, kamar minti 10, ruwa ya fita ta tiyon zubarwa da ƙarfi. In yana fita a sanyaye kamar an karkata buta, ka riga ka ga alama. Sai ta shiga jan gishiri, wanda ke ɗaukar kusan awa guda. A nan ka zare siririn tiyon daga jikin kan, ka ɗora babban yatsa a bakin wurin. Lafiyayyiya za ta kama fatar yatsanka, har ka ji ɗan tsuut in ka ɗaga. In shiru, ko ruwa ma take turowa, ba ta ja.

In geji ya nuna ƙarfi ya isa amma ba tsotso, abu uku ne, duka daga hannunmu. Ko ɓarɓashin fayif da busasshen gam da guntun farin tef sun toshe injekta (murfinsa daban yake, shi kaɗai na yarda ka buɗe, ka wanke da ruwa da tsinken sakace, ban da allura don tana buɗa ramin). Ko notin siririn tiyon bai ɗauru ba tana shan iska. Ko tiyon zubarwa ya lanƙwashe, ko ka ɗaga shi sama da yawa har ruwa yana tokarewa. Bakinsa kuma kada ya nutse cikin lambatu, bar tazara, kuma ka kauce wa gindin mangwaron Hajiya, ruwan gishiri zai kashe shi.

In kuwa ƙarfin ne, magani biyu ne. Wasu suna mayar da softina tsakanin samo da tanki. Yana yi, amma sai wani ya tuna ya kunna samo duk lokacin wanki, kuma ka san mai gadi ba zai tuna ba. Ni busta, injin ƙara wa ruwa ƙarfi, mai kunna kanta na fi so, a sa ta bayan tanki kafin softina. Ka bar mini maganar kuɗinta da Alhaji, tunda ni ya kamata in gaya masa tun kafin a sayo kaya.

Sai agogon da ke kan na'urar. Yawancinsu ƙarfe 2 na dare aka saita su yi wanki, lokacin da ba mai buɗe famfo. In an ɗauke wuta, janareta kuma an kashe tun sha ɗaya, busta ba za ta tashi ba, wasu kawunan ma lokacinsu yakan rikice in wutar ta daɗe. Mayar da wankin lokacin da ka san akwai wuta a gidan, ka gaya musu a wannan ɗan lokaci ruwan da ke zuwa famfo ba tatacce ba ne, kada a cika hita.

Gishirin da ka ce ka saya a Kasuwar Barci, na miya ne mai laushi? Kwashe shi. Yana kwantawa a ƙasa ya zama kamar kunu ya toshe bakin tiyo. Mai ƙwaya-ƙwaya ake sa wa, kuma kada ya wuce rabin tanki da kaɗan, don da damina yakan daskare a sama ya bar rami a ƙasa, ka ga tanki cike alhali ruwa bai taɓa shi ba. Soka sandar mofa a ciki, ta isa ka gane. Wanki ɗaya kimanin kilo 3 yake ci, lita guda ta ruwa kuma ba ta narkar da fiye da giram 360, don haka lita 8 zuwa 9 ya kamata ka gani a ƙasa. Kwashe abin da ya taru, ka zuba sabo, ka ba shi 'yan awanni ya narke kafin ka danna wanki.

Kafin ka baro gidan yau, tari ruwan bohol a farin bokiti ka bar shi ya kwana. Da yawa daga bohol ɗin da na taɓa a garin nan, ƙarfe ya fi damun su fiye da nauyi: ruwa ya fito garau, da safe ya yi ja-ja kamar tsatsa. In haka ya faru, sai an sa matatar ƙarfe a gaba, in ba haka ba tsatsar za ta lulluɓe rezin ya daina kamawa.

Ka kuma shirya, bayan an gyara Hajiya za ta sake kira ta ce sabulu ya ƙi fita daga jiki, santsi take ji. Ce mata alamar ruwa ya yi laushi ke nan, a rage sabulu. Amma ka faɗa mata a fili cewa wannan na'ura ba ta kashe ƙwayar cuta, kada a daina abin da aka saba yi wa ruwan sha.

Gobe bayan Azahar ina nan tafe in sha Allah. Ka riga ni zuwa da geji da kwalbar awo, kuma kada kowa ya zubar da ruwan bokitin nan sai na gani.