Saura sati shida jarrabawar ma'aikatan motar asibiti, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Kumo, mun gama kwas na agajin gaggawa, wato masu aiki a motar asibiti, saura sati shida jarrabawar satifiket. Kullum ina kan littafi amma kan baya riƙewa, kuma firaktikal ɗin nan shi yake ban tsoro. Dan Allah ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Sati shida ya isa in dai ka daina karatun irin na hadda, domin jarrabawar nan abu ɗaya take nema a wajenka, wanne za ka fara yi wanne zai biyo baya. Za ka ga tambaya da amsa huɗu kuma wallahi dukkansu abin yi ne, amma ɗaya ce ta farko, to ita ake so.

Misali, ance tirela ta buge ɗan acaɓa a hanyar Gombe zuwa Bauchi wajen Alƙaleri, yana kwance jini na zuba, me za ka fara yi? Yawancin ɗalibai da gudu suke cewa tsayar da jini. A'a. Ka fara duba wajen tukuna, akwai mota mai zuwa, akwai fetur da ya zube, akwai wayar wuta a ƙasa, sannan safar hannu. Na taɓa zama a teburin ba da maki wani yaro mai ƙoƙari sosai ya shigo, komai ya iya, amma ya durƙusa kan mutum-mutumin robar nan bai ce uffan kan lafiyar wajen ba, hannu kuma tsirara, nan take makinsa ya zube, har yau ina jin tausayinsa. Bayan wannan sai ka kira mutumin ka ji ko zai amsa, in jini na feshi kamar famfo shi za ka fara dannewa, in ba haka ba to hanyar iska, numfashi, sannan zagayawar jini, ABC kenan da aka koya muku. Wanda mota ta buge kuma kar ka ɗaga masa kai baya, muƙamuƙi ake turowa gaba saboda ƙashin wuya.

Akwai lambobi ƴan kaɗan da dole su zauna maka kamar karatun sallah. Ga wanda zuciyarsa ta tsaya, danna ƙirji sau 30 hura iska sau 2, gudun dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfi santimita 5 zuwa 6 ga babba, in yaro ne kuma ku biyu ne to 15 da 2. Bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Ma'aunin hayyaci na Gilasgo daga 3 ne zuwa 15, ido 4 magana 5 motsi 6, babu sifili a ciki, nan ake yawan kama mutane. Ƙuna kuma lissafin tara-tara, wato kashi nawa cikin ɗari na jikin babba ya ƙone, kai 9, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaba 18, baya 18, al'aura 1. Suga a jini in ya yi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL ya faɗi. Rubuta su a ƴar takarda ka liƙa inda kake alwala, sati ɗaya sun zauna.

Sai wanda nake so ka buɗe kunne, tunda kai ɗan Gombe ne kasan kububuwa, kasan dalilin da ya sa ake da asibitin saran maciji a Kaltungo. A ƙauye da an sari mutum sai a yagi zani a ɗaure ƙafar tamau, a tsaga wajen da reza, wani ma ya sa baki ya tsotsa. Ka rubuta haka a jarrabawa ka faɗi, ka yi a aiki ka cuci mutum, dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, to ka tsaga kuma me kake tsammani? Abin yi shi ne ka kwantar masa da hankali, cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, hana gaɓar motsi kamar mai karaya, a wuce asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ɗauri mai ƙarfi ba na saran maciji ba ne, na babban rauni ne da jininsa ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa, a ɗaura santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ba a kan gwiwa ba, kuma a rubuta lokacin.

Maganar tsoron firaktikal, maganinsa baki da hannu. Samu abokai biyu, ɗaya ya kwanta a tabarma ɗaya ya riƙe takardar maki, kai kuma duk abin da kake yi ka faɗe shi da ƙarfi da Turancin da za a yi jarrabawar da shi, domin mai ba da maki baya ganin zuciyarka, abin da bai ji ba bai gani ba to ba ka yi ba. Ƙannenka za su yi ta dariya, ƙyale su. Kullum labari biyu ko uku, yau mai ciwon ƙirji, gobe mai naƙuda, jibi yaro mai farfaɗiya, da yamma kuma tsoffin tambayoyi da agogo a gabanka, wadda ka faɗi kar ka wuce sai ka gano dalili.

Kar ka raina ɓangaren doka, maki ne na banza a zube. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai larurar gaggawa, ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba a duba shi ko babu takardar ƴan sanda. Lambar gaggawa 112, ta rod sefti 122.

Daren jarrabawa kar ka kwana karatu. Ka zo da agogon hannu mai sakan, waya ba za a bar ka da ita ba, ka ƙirga bugun zuciya na sakan 30 ka ninka biyu.