Muryoyin Da Ƙanena Ke Ji: Ko Zaman Tattaunawa Zai Taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena shekararsa 24, likita ya ce wani ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira sikizofireniya ke damunsa. Shekara biyu ke nan yana shan magani, kuma ya samu sauƙi, amma har yanzu yana jin muryoyi suna zaginsa, suna hana shi fita. An ce mu gwada wata hanya ta tattaunawa da ake kira CBT. Anya magana za ta yi abin da magani ya kasa? Idan ya fara, zai iya ajiye maganin? Daga wata yaya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Don Allah kada ya ajiye maganin. Na ga da yawa da suka yi haka, bayan 'yan watanni aka dawo da su cikin halin da ya fi na da muni. Tare ake haɗa maganin da CBT. Idan rawar hannu ko ƙagewar jiki ko yawan barci ke sa shi gudun maganin, ku koma wa likita ya sauya masa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya assasa CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, a shekarun 1960, da farko domin masu ciwon damuwa. A shekarun 1990 masana a Ingila suka daidaita ta da masu jin muryoyi, kuma hukumar NICE ta can, mai fitar da ƙa'idojin kula da lafiya, tana ba da shawarar a yi aƙalla zama 16, mara lafiya da ƙwararre su biyu.

A zaman, ba a ce masa "babu wata murya". Shi dai yana jin ta, kamar yadda kike jin kiran salla. Abin da ake taɓawa shi ne yardar da ya yi cewa muryar ta fi ƙarfinsa. Akwai wani saurayi da na zauna da shi, muryar takan ce masa in ya taka ƙofar gida zai mutu. Na tambaye shi, cikin ɗari, kashi nawa ya gaskata? Ya ce casa'in. Muka shirya ya tsaya a zaure minti biyu tare da yayansa, ya dawo ya rubuta abin da ya faru. Mako na gaba sai bakin shagon mai shayi. A littafin nasa ne muka gano muryoyin sun fi matsa masa bayan Isha'i, in yana ɗaki shi kaɗai, ko in bai yi barci ba. Ya koma sa karatun Alƙur'ani a kunne a wannan lokacin, ko ya fito tsakar gida cikin mutane. Muryar ba ta ɓace ba, amma ya koma kasuwa.

Ba kowa take yi wa aiki haka ba, kuma sauƙin yakan zo a hankali. Masu wannan horo ma ba su da yawa a wajenmu. Tunda kina Zariya, ki tambaya a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ki ce masanin halayyar ɗan'adam kuke nema.

A gida kuma, ku daina gardama da shi a kan muryoyin, kada kuma ku gaskata su. Ki ce masa, "Ni ban ji ba, amma na ga ta tsorata ka, zo mu zauna." Ku raba shi da wiwi. Ranar da muryar ta fara umartar sa ya cutar da kansa ko wani, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar ganin likita.