Amsa: yaushe ake yanko reshen tuffa don yin aure?

Malam, ka ce akwai tsohuwar bishiyar tuffa a gonar kawunka a Jos, kana so ka yanko reshe ka yi masa aure ka dasa a Kano, kana tambayar lokaci. To lokacin sanyi ake yanka, Disamba zuwa Janairu, sanda bishiyar ta zubar da ganye ta yi barci, kafin idanun su fara kumbura. Ka zaɓi reshen bana wanda ya miƙe sambal, kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, banda wanda ya fara fure.

Ajiyar ce ke ba mutane matsala wallahi. Ka naɗe shi da jarida mai ɗan danshi, ba jiƙaƙƙiya sharkaf ba, ka sa a leda ka ɗaure ka saka a firij, ba firiza ba fa, kuma kar ka haɗa shi da ayaba ko tuffa nunanniya don iskar da suke fitarwa tana lalata idon. Da wutar nan tamu kuwa gara ka shirya gindin da za ka ɗora a kai tun kafin ka yanko.

Amma gaskiya ni ban ba ka ƙarfin gwiwa ba. Tuffa tana son dogon sanyi kafin ta yi fure, hunturun Kano bai kai ba, zafin Afrilu kuma ba ya wasa. Ire-iren tuffa kamar Anna da Dorsett Golden ne masu jure ƙarancin sanyi. Kuma gindin tuffa kaɗai za ka nema, ba ta kamawa a jikin mangwaro ko gwaba.