Filin Tambaya da Amsa: Ganye, Ƙwaya da Batun Awo

Yawancin wasiƙun wannan wata a kan maganin gargajiya suke, da yadda yake haɗuwa da na asibiti. Masana harhaɗa magunguna da ke kula da wannan fili sun ɗauki biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina bincike a kan ganyen sabara. Na ba ɓeraye tsantsarsa har miligiram 5,000 a kan kowane kilo na nauyinsu, ko ɗaya bai mutu ba. Na rubuta cewa ganyen ba shi da illa ga mutum, sai malamin da ke duba aikina ya soke layin da jan biro. Ina kuskuren? (Ɗalibi, daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminka ya yi daidai, ɗan'uwa. Abin da gwajinka ya nuna shi ne sha ɗaya bai kashe ɓera nan take ba. Daga nan zuwa "ba shi da illa ga mutum" akwai tafiya mai nisa.

Da alama ka bi tsarin Lorke na 1983, wanda aka fi amfani da shi a jami'o'inmu saboda ba ya cin dabbobi da yawa. A zagayen farko ana raba ɓeraye tara gida uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1,000 a kowane kilo, a sa musu ido awa 24. Idan duk sun rayu, sai a ɗauko wasu a ba kowanne ɗaya 1,600, 2,900 da 5,000. Da a ce mai 1,600 ya rayu, mai 2,900 ya mutu, sai ka ninka lambobin biyu da juna, ka nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimlar, wato wajen 2,154. Wannan ne ƙiyasin awon da ke kashe rabin dabbobi, wanda ake kira LD50. Mutuwa kawai yake ƙirgawa. Ɓeran da hantarsa ta fara lalacewa yana nan yana cin abincinsa, kai kuma ka rubuta "ya rayu".

Maganin talidomaid shi ne darasin da ake koya wa kowane ɗalibi. An fara sayar da shi a Jamus a 1957 ana yabon rashin dafinsa, don da ƙyar ake samun awon da zai kashe ɓera. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai kimanin 10,000 da naƙasassun hannaye da ƙafafu.

Abin da ya rage maka shi ne gwajin kwana 28, ko na kwana 90 in da hali. A ba dabbobin tsantsar kullum a matakai uku, a ware wani rukuni da za a ba shi ruwa zalla, a riƙa auna nauyinsu duk mako. A ƙarshe a ɗebi jini a duba sinadaran da ake kira ALT da AST don hanta, yuriya da kiriyatinin don ƙoda, sannan a yanko hanta da ƙodar a duba su a madubin likita. Batun ciki da haihuwa kuwa gwajinsa daban.

Sai ƙananan abubuwan da ke ɓata aikin ɗalibai tun kafin a kai ga ɓera. Ka kai reshe mai ganye, da fure in akwai, ɗakin adana samfurin tsirrai na jami'a a tabbatar da sunansa a ba ka lamba, domin suna ɗaya na Hausa kan hau kan itatuwa biyu. Ka shanya a inuwa, ba a rana ba. Idan ka jiƙa gari giram 500 a barasar etanol mai ƙarfin kashi 70 na awa 72, ka tace, to ka ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce 40 zuwa 45 ba a ma'aunin Salshiyas, kuma ka tabbata barasar ta fita duka, in ba haka ba za ka ga ɓera yana layi ka ɗauka aikin ganye ne. Ka auna abin da ya rage: giram 40 daga 500 kashi 8 ke nan cikin ɗari. Wajen ɗura ma akwai ƙa'ida. Ɓera mai giram 25 bai kamata ya sha fiye da mililita 0.25 ba, ko 0.5 in da ruwa aka dama. Idan bututun ya kauce ya shiga hanyar numfashi, za ka ga kumfa na fitowa ta hanci, ɓeran ya mutu cikin minti kaɗan. Wannan laifin hannu ne, kada a ɗora wa sabara.

Kuma ka tuna, mutanen ƙauye da ruwa suke jiƙa sabara ko su dafa. Abin da etanol ya tato ba lallai ne ya zama abin da suke sha ba. Awon ɓera ma ba a ɗora shi kai tsaye a kan mutum, ana raba na ƙaramin ɓera da 12.3, na babba da 6.2. Gyara layin ya koma: "Ba a ga mutuwa ba har zuwa miligiram 5,000 a kilo bayan sha ɗaya ta baki."

Tambaya: Na ji an ce maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti daga tazargade aka samo shi. Me zai hana in dafa tazargaden in ba iyalina, tunda ya fi araha? (Magidanci, daga Maraɗi)

Amsa: Malam, rabin labarin gaskiya ne. Sinadarin atemisinin daga wani tsiro na ƙasar Sin aka ciro shi, wanda masana ke kira Artemisia annua. Tazargaden kasuwa danginsa ne, amma dangin suna da ɗaruruwan iri, kuma ba ka da hanyar sanin wanne aka ƙulla maka a leda. Ko a ainihin tsiron ma, sinadarin kan kai kashi 1 cikin ɗari na busasshen ganye in an dace da iri mai kyau, a wani kuma da ƙyar ake ganin alamarsa.

Yadda aka gano shi ma amsa ce ga tambayarka. Tu Youyou, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015, ta yi ta tafasa ganyen sakamako na fitowa yau da kyau gobe babu. Sai ta karanta wani tsohon rubutu na ƙarni na huɗu da ya ce a jiƙa ganyen a matse, bai ce a dafa ba. Ta koma tatsa da wani sinadari da ake kira ether a ƙaramin zafi, a 1971 ta sami tsantsar da ta share ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. Sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka abin da ke shiga kofin shayi kaɗan ne, kuma ba a san adadinsa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Atemisinin yana da saurin aiki, yana kuma da saurin barin jini, cikin 'yan awoyi. Zazzaɓi zai sauka, mutum ya tashi ya ci tuwo, amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan mako biyu ko uku ciwon ya dawo. Shi ya sa ƙwayar asibiti take haɗe da abokin tafiya, lumefantirin, wanda ke kwanaki a jini yana ƙarasa ragowar. Ƙwayoyin cutar da suka sha ɗan kaɗan suka tsira kuwa, su ne ke haifar da masu taurin kai. An fara ganin haka a Kambodiya, yanzu an tabbatar da shi a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan shayin ganyen don magani ko rigakafi.

A yi gwajin jini tukuna. In ya nuna, mai nauyin kilo 35 zuwa sama zai sha ƙwayar asibitin nan mai haɗe da lumefantirin guda huɗu, masu lambar 20/120 a jikin kwali, sau biyu a rana har kwana uku, ƙwaya 24 ke nan. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku. Sha na biyu bayan awa takwas da na farko. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai a cikin da babu komai. Wanda ke jijjiga, ko ya fita hayyacinsa, ko yake amayar da komai, allurar atesunet yake buƙata a asibiti.

Tambaya: Ina shan amlodifin miligiram 5 don hawan jini. Na daina kwana uku ina shan zoɓo, na auna na ga jinina daidai. Zan iya ci gaba a haka? (Hajiya, daga Katsina)

Amsa: Hajiya, ki koma kan maganinki yau. Amlodifin yana ɗaukar awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka awon da kika gani a kwana na uku ragowar aikin ƙwayar ne. Sai bayan mako guda ko fiye gaskiya za ta fito, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Ba a raina zoɓo ba. A wani gwaji da aka buga a 2010 a Amurka, mutum 65 masu ɗan hawan jini da ba su fara shan magani ba, an ba wasunsu kofi uku a rana har mako shida. Lambar sama ta sauka da kusan maki 7. Taimako ne, amma ga mai 160 ba zai kai shi gaci ba. Kuma zoɓon gwajin babu tulin sukarin da ake zubawa a na roba. Ki sha shi tare da maganin, ki gaya wa likitanki. In kika fara jin jiri idan kin miƙe, to haɗin ya yi yawa, a duba awon.

Abin da ya fi zoɓo muhimmanci a ɗakin girkinki shi ne kanwa da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, dukkansu sodiyam ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen su ma suna ɗaga jini. Wajen awo a gida, ki zauna minti biyar tukuna, ki auna sau biyu safe da yamma har kwana bakwai, ki rubuta a takarda ki kai asibiti.

Tambaya: Idan kwalbar maganin gargajiya tana da lambar NAFDAC, ba shi ke nan an tabbatar tana warkarwa ba? (Mai shago, daga Kano)

Amsa: A'a, Alhaji. Duba ƙarshen lambar. In ka ga harafin L, rajistar wucin gadi ce ta shekara biyu, wadda ake bayarwa bayan gwajin dafi da na tsabta. Ba a gwada ko maganin yana warkar da abin da aka rubuta ba, shi ya sa ake tilasta wa mai shi ya buga a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan marasa lafiya.

Ana iya kaiwa can. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila daga masoro, kanumfari, ganyen dawa da itacen da ake kira Pterocarpus osun. An gwada shi ana kwatantawa da kafso marar magani a ciki, aka buga sakamakon a 2001, ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani.

A matsayinka na mai sayarwa, ka yi hattara da kwalbar da ke aiki da saurin ban mamaki. An sha kama "maganin maza" da aka zuba wa sildenafil, wanda in ya haɗu da maganin ciwon zuciya mai naitiret jini kan faɗi warwas. Na ƙiba kuma akan sami dekzametazon a ciki: fuska ta cika, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya sha wani abu ya ga illa, a kai rahoto ga mai harhaɗa magunguna na asibiti, akwai fom na musamman da ake cikewa a tura wa hukumar.

Tambaya: Surukata ta ce in ɗura wa jaririna ɗan wata uku ƙaramin cokali na man darbejiya saboda kumburin ciki. (Uwa, daga Gusau)

Amsa: Kada ki ba shi, 'yar'uwa, ki kuma lallaɓa Inna da hankali, ko ki tafi da ita awon jarirai ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Likitoci a Malesiya da Indiya sun rubuta labarin jariran da aka ba man darbejiya daga mililita 5 zuwa sama, wato cokalin shayi ɗaya, cikin 'yan awoyi suka kama amai, barci mai nauyi, numfashi sama-sama da jijjiga, wasu suka rasu. Hantar ɗan wata uku da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, abin da babba zai fitar a wuni su yana taruwa a jikinsu. Har wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ba ruwa ba jiƙo. Bayan ya sha, ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa har ya yi gyatsa. In cikin ya yi tauri, ko yana amai kore, ko akwai zazzaɓi, asibiti a ranar. In kuma an riga an ba shi man, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, mai na iya faɗawa huhu. A ɗauki kwalbar a tafi da ita tare da shi.