Me radar ke gani a cikin hadari?

Tambaya: Malam, tunda tauraron ɗan Adam yana ɗauko hoton gajimare daga sama, mene ne amfanin kashe kuɗi a kafa radar a ƙasa? Kuma za ta iya faɗa mana yadda damina za ta kasance?

Amsa: Tauraron Meteosat da ke kallon Afirka yana nesa da mu da kusan kilomita 36,000, kuma saman gajimare yake gani da irin sanyinsa. Ruwan da ke ƙarƙashi kintatarsa ake yi. Radar kuwa cikin hadarin take leƙawa. Tana juyawa tana harba igiyar rediyo. Idan igiyar ta bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara sai wani ɓangarenta ya dawo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Jinkirin dawowar ke nuna nisa, ƙarfinta kuma ke nuna yawan ruwan. Nau'in Doppler har saurin iskar da ke cikin hadarin yake aunawa.

Radar ɗin ruwan sama tana aiki da igiya mai tsawon santimita 5 ko 10. Ɗigon da ke cikin gajimare ya yi mata ƙanƙanta, shi ya sa ake da wata mai igiyar milimita 3 ko 8. Irin wannan Amurkawa suka girka a filin jirgin saman Yamai a 2006, lokacin binciken AMMA kan daminar Afirka ta Yamma, ga kuma ta jami'ar MIT ta Amurka tana bibiyar ruwa.

Abin da ya sa na damu da ita shi ne, galibin ruwan Sahel daga manyan hadura yake zuwa, waɗanda ke jeruwa su taso daga gabas, guguwa a gaba, ruwa a baya, suna gudun da kan kai kilomita 50 a awa. Radar da ke hango kilomita 200 za ta iya ba gari gargaɗin kusan awa huɗu. Wannan ya isa a kwashe shanya, a janye dabbobi daga kwari, masu kwale-kwale su fito gaɓa, jirgi ya jinkirta sauka.

Bayan wannan nisa, lanƙwasar ƙasa kan sa igiyar ta bi ta saman ruwan. Sannan tana son wuta ba yankewa, da kayan gyara, da injiniyoyi. A nan ne akasari take mutuwa.

Batun damina gaba ɗaya kuwa ba aikinta ba ne. Wannan hasashen daga ɗumin teku da lissafin kwamfuta ake fitar da shi, kamar wanda NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke bayarwa a farkon shekara, da na AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma da ke Yamai.