Yaushe Zan Iya Cewa Ni Mai Zane Ce?

Tambaya: Malam, na daɗe ina zane da fenti, galibi tsofaffin gidajen ƙasa na birnin Zariya da zayyanar allo. Malamar firamare ce ni, ban karanci zane a jami'a ba, abin da na sayar kuma bai taka kara ya karya ba. In aka tambaye ni sai in ce "ina ɗan taɓa zane". Kunya nake ji in ce ni mai zane ce. Yaushe mutum yake cancantar sunan?

Amsa: 'Yar'uwa, kin riga kin cancanta, saura ki faɗa da bakinki. Na san inda kunyar ta samo asali. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Sai dai tela ba ya jin nauyin cewa shi tela ne, haka marini a Ƙofar Mata. Aikinsu suka faɗa, ba wanda ya ce sun yabi kansu. Da za ki ce kin fi kowa iya zane a Zazzau, wannan ne yabon kai. Gwaninta kuwa mutane ne za su shaida miki ita.

Batun takarda ma kada ya riƙe ki. Duba bayan takardar naira 20, za ki ga Ladi Kwali tana gina tukunya. A hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a ƙasar Gwari. Sai a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila mai ginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ta shiga ne da sunanta a matsayin gwana, don Sarkin Abuja ya riga ya mallaki tukwanenta. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta a 1977 ya zo ne bayan an nuna aikinta har a Landan. A nan Zariyar taku ma, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko ɗalibai ne lokacin da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, ba su jira sun kammala karatu ba kafin su ce za su haɗa fasahar gida da abin da ake koya musu.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kalamin nan na "ɗan taɓawa", saboda yana da illa a aljihu. Wadda ta ce taɓawa take yi, kyauta za a nemi aikinta. Dangi za su ɗauke zane mafi kyau daga bango su ce Allah ya ƙara basira, ke kuma ki koma sayen fenti da albashin koyarwa. Mai saye yana sauraron yadda kika gabatar da kanki kafin ya taya.

Ki zaɓi gidajen ƙasan nan, tunda suna ta rushewa ana maye su da bulo, ki kammala zane goma ko sha biyu a kansu. Kammalawa nake nufi, har da firam. Kowanne ki sa hannu da shekara a ƙasansa, ki ɗauki hotonsa da hasken rana. Ki yanka farashi bayan kin lissafa fenti da ƙyalle da kwanakin da kika ɓata, ki rubuta shi a takarda don kada kunya ta sa ki rage a gaban mai saye. Daga nan ki kai aikin wurin wanda ya girme ki a sana'ar, ko a sashen zane na jami'ar da ke Samaru, ki ce ya duba da idon gyara. Zai nuna miki kurakurai, wataƙila ranki ya sosu, amma zai yi miki magana a matsayin abokiyar sana'a, kuma hakan yana ƙarfafa zuciya fiye da yabon ƙawaye a Facebook.

Koyarwar kuma ki riƙe ta da kyau, da yawa daga cikin masu zanen ƙasar nan da wani aikin suke ciyar da gida. In an tambaye ki, ki ce kina koyarwa kuma ke mai zane ce, ki buɗe wayarki ki nuna hotunan.